SHARHI: Abin da Nguru da Gashuwa za su koya daga Dutsen Kilimanjaro

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dubban tsuntsaye kan tsallako Sahara daga Turai su sauka a fadamun da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe. Suna tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Shekara da shekaru ana lissafa wannan wuri cikin taskokin yawon buɗe ido na Najeriya, amma har yau da wuya a nuna magidancin da ke ci da iyalinsa daga kuɗin baƙi. Wanda ke neman dalili zai amfana da duba yadda Tanzaniya ta tsara hawan Dutsen Kilimanjaro.

Yadda Tanzaniya ta mai da dutse sana'a

Kilimanjaro ne dutse mafi tsayi a Afirka, mita 5,895. An mai da shi gandun ƙasa a 1973, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Sai dai matakin da ya fi tasiri ga talaka shi ne na 1991, lokacin da hukuma ta haramta hawa dutsen ba tare da jagora mai lasisi ba.

Hawan kan ɗauki kwana biyar zuwa tara, gwargwadon hanyar da aka bi, ko Marangu ko Machame ko Lemosho. Ba a gaggawa, domin iska na raguwa yayin da ake ƙara sama, kuma jiki na buƙatar lokaci kafin ya saba. Wannan jinkiri shi ne tushen ribar. Kowane dare da baƙo ya yi a kan dutsen yana nufin aikin jagora, da mai dafa abinci, da 'yan dako masu ɗaukar tanti da ruwa da kayan abinci. A 2024, baƙon da ya zo daga wajen Gabashin Afirka yana biyan hukumar gandu dala 70 a kowace rana, da dala 50 na kwanan tanti a kowane dare, da dala 20 na aikin ceto. Wani bincike da cibiyar ODI ta Ingila ta fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na abin da masu hawan ke kashewa a cikin ƙasar na isa hannun talakawa.

Tsarin bai rasa aibu ba. An daɗe ana kokawa da yadda wasu kamfanoni ke ɗora wa 'yan dako kayan da suka fi ƙarfinsu, su biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa aka ƙayyade kayan ɗan dako a kilo 20, aka kuma kafa ƙungiyar KPAP a 2003 don sa ido kan haƙƙinsu. Darasin dai a fili yake: kwanakin da baƙo ya yi, da dokar da ta tilasta masa ɗaukar ɗan gari, su suka mai da dutse sana'a.

Abin da Yobe ke da shi

Arewacin Yobe ba shi da dogon dutse, amma yana da abin da zai riƙe baƙo kwanaki. Biyu daga cikin sassa uku na Gandun Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, suna nan ne: fadamun Bade da Nguru, da dausayin Bulatura a Ƙaramar Hukumar Yusufari. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta shigar ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a shekarar 2000. Tafkin tsuntsaye na Dagona, kusa da Gashuwa, ya bi sahu a 2008. Tun 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona. Idan aka nausa Yusufari kuma akwai tuddan rairayi na Tulo-Tulowa, da kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa. Ga bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, ga tsohuwar masarautar Machina.

Duk da haka, ziyarar da aka fi sani ita ce ta ayarin motoci: a iso da hantsi, a ɗauki hoto, a juya kafin la'asar. Mai kwalekwale bai samu komai ba, mai raƙumi bai samu ba, mai abinci ma haka. Manomi da masunci da makiyayi da ke zaune a gefen gandun ba su san shi da komai ba sai hani: kada a yi su a nan, kada a yi kiwo a can. Wanda bai ga amfanin tsuntsu ba kuwa, babu dalilin da zai sa ya kare shi, musamman ganin yadda jan-baki ke cinye masa gero da shinkafa.

Da za a tsara tafiyar kwana huɗu ko biyar, ta fara da kwalekwale a Tafkin Nguru, a kwana kusa da Dagona don kallon tsuntsaye da asuba, a yada zango a Gashuwa, sannan a ƙarasa tuddan Yusufari a kan raƙuma, da kowane zango ya samu rabonsa.

Cikas uku

Na farko ruwa ne. Rayuwar fadamun ta dogara da ambaliyar kogunan Haɗejiya da Jama'are. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwan ke zuwa: babbar ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma na kwarara kaɗan-kaɗan har cikin rani. Wannan yanayi ne ciyawar kachalla ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, wani wuri ya cika ya ci gonaki, wani ya bushe. A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan, amma makullin madatsun na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Kwalekwale ba ya ratsa kachalla, tsuntsu kuma ba ya sauka a busasshen tafki.

Na biyu tsaro ne. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya na gargaɗin 'yan ƙasarsu da su guji Jihar Yobe baki ɗaya, ba tare da bambanta Nguru da yankunan da rikicin Boko Haram ya fi shafa ba. Muddin gargaɗin na nan, kamfanonin inshora ba za su tsaya wa Bature ba, kuma duk lissafin da aka gina kan dala mafarki ne. Kasuwar farko ta cikin gida ce: ma'aikatan Abuja da Kano masu neman wurin hutun ƙarshen shekara, da makarantu, da masu bincike, da masu ɗaukar hoto. Su ma ba za su kwana a daji ba sai sun ga tsari na tsaro da aka yi da sarakuna da jami'an gandu.

Na uku shi ne rashin mai ɗaukar nauyi. Gandun ƙasa na ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Madatsun ruwa na ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa. Yawon buɗe ido kuma, tun Oktoban 2024, an haɗe shi da Ma'aikatar Al'adu. Sannan a 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ta yanke cewa rajista da kula da otal-otal hurumin jihohi ne. Ma'ana, tafiya guda ta kwana biyar ta ratsa teburin ma'aikatun tarayya uku da gwamnatin jiha da masarautu. Inda kowa ke da hannu, kowa na iya cewa ba aikinsa ba ne.

Abin da ke hannun Abuja

Babu ɗaya daga cikin matakan farko da ke buƙatar kwangilar biliyoyi. Hukumar Gandun Dajin Ƙasa na da ikon sanya sharaɗin cewa ba a shiga Dagona ko Bulatura sai da jagora mai rajista daga ƙauyukan da ke kewaye. Tana iya buga farashi a fili, ta fayyace kason al'umma, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin ladan jagora da mai kwalekwale da mai raƙumi tun daga farko, kafin a maimaita kuskuren da aka yi wa 'yan dakon Kilimanjaro. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da aka kafa a 2013, da cibiyar NIHOTOUR na iya horas da matasan da tuni suka san kowane tsuntsu da sunansa na Badanci da Manganci da Hausa.

Akwai misali a cikin gida. A 2017 hukumar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors kan Gandun Gashaka-Gumti, inda Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. An ɗauki 'yan yankin aikin gadin daji, an horas da su. Babu abin da ya hana a nemi irin wannan abokin tafiya ga sassan Yobe.

Dole kuma a taƙaita yawan baƙi. Dausayi ba ya jure tayoyin manyan motoci, tsuntsayen da aka yawaita firgitawa kuma kan sauya masauki.

Ga masu rubuta takardun kasafi da jawabin ministoci, ma'aunin nasara mai sauƙi ne. A daina ƙirga ziyarce-ziyarcen manyan baƙi, a fara ƙirga darare nawa baƙi suka kwana tsakanin Nguru da Yusufari a hunturu guda, da naira nawa ta shiga aljihun 'yan gari. Idan wannan adadi bai motsa ba, mutanen Dagona za su ci gaba da kallon gandun a matsayin shingen da ya raba su da kifi da ciyawa, kuma babu yawan masu gadi da zai iya kare fadamar daga maƙwabtanta.