Ra'ayinmu: Tsoron Wuƙa da Sankarar Mama

Tun kafin a kafa jami'a a Aliero cikin 2006, an san garin da abu biyu, watau albasa da ɗori. Daga Jega, daga Maiyama, har daga nesa, akan ɗauko wanda ya karye a kawo shi, domin jama'a sun sakankance cewa abin da ya lalace a jikin ɗan Adam yana gyaruwa. Wannan sakankancewa muke so ta kai ga iyayenmu mata masu fama da sankarar mama, cutar da ta fi kowace sankara kama mata a Nijeriya.

Mun san yadda abin yake tafiya. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, ta yi shiru. A tafi wurin wanzami a yi sakiya, a shafa wannan a sha wancan, watanni suna wucewa. Ba jahilci kaɗai ke hana ta zuwa asibiti ba. Ta ji an ce yankewa ake yi, tana tunanin mijinta, tana tunanin bakin kishiya. Ba a kama hanyar Birnin Kebbi ko Sakkwato sai ciwo ya fashe.

Abin da ba a cika gaya mata ba shi ne, ana iya sake gina maman da naman jikinta. A gadon bayan mutum akwai wata faffaɗar tsoka wadda ta taso daga kugu ta haɗe da ƙashin hannu a ƙarƙashin hamata. Likitan fiɗa yakan ɓamɓaro ta tare da fata da kitsen da ke kanta, ba tare da ya tsinke jijiyar da ke ba ta jini ba, ya zuro ta ta ƙarƙashin fatar hamata zuwa ƙirji, sa'an nan ya tsara ta da siffar mama. In naman bai isa ba, a ƙara da ciko na roba. Wani likitan Italiya, Iginio Tansini, shi ya bayyana wannan dabara a 1906, aka yi watsi da ita, sai wajen 1976 likitoci suka farfaɗo da ita. Ba ta bukatar ɗinkin ƙananan jijiyoyi da madubin likita, har ma takan rufe babban gyambon ƙirji ga wadda ta zo a makare.

Kada dai mu yi wa kowa daɗin baki. Aikin ba ya warkar da sankara, kuma maman da aka gina ba ya kawo ruwan nono. Akwai tabo a baya, ruwa yakan taru a wurin na ɗan lokaci, kafaɗa kuma takan rage ƙarfi. Ga matar da daka da jan guga suke aikinta na kullum, wannan ba ƙaramar magana ba ce, tilas a faɗa mata tun kafin ta amince.

Wasu za su ce ƙawa ce kawai, a ƙasar da kuɗin magani ma gagara yake yi. Ba mu yarda ba. A Amurka, tun 1998 doka ta wajabta wa inshorar da ta biya kuɗin cire mama ta biya na sake gina shi. In sanin haka zai sa mace ta zo da wuri, ai ceton rai ne.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Kebbi ta ɗauki nauyin horar da likitocin wannan fanni, ta kuma sa aikin cikin tsarin taimakekeniyar lafiya. Mu kuma ɗalibai, da 'yan'uwanmu sabbin ma'aikata, hutu yana tafe. Kowa ya zauna da mahaifiyarsa da innoninsa, in kunya ta hana, ya sa ƙanwarsa ta yi musu bayanin.