Malamin Turanci da Launin Fatarsa

Manoma da yawa a Funtuwa da Malumfashi sun sayar da masara da auduga sun kai 'ya'yansu Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Wasu yaran sun fito da takardar koyar da Turanci, idonsu yanzu yana ƙasashen waje. Kafin uba ya jinginar da gona saboda kuɗin dillalin biza, ya kamata ya san abin da ke gaba.

Shirin Koriya ta Kudu na ɗaukar malaman Turanci ya fi karkata ga 'yan ƙasashe bakwai, irin su Amurka, Birtaniya, Kanada da Afirka ta Kudu. Babu Najeriya a ciki, alhali da Turanci yaranmu ke rubuta jarrabawar WAEC. A wasu makarantun kuɗi na Sin kuwa, hoto ake fara nema kafin takardu, kuma baƙar fata, ko ɗan Amurka ne, sau da yawa shiru yake ji. Wannan wariya ce tsagwaronta. Dattawanmu da malaman Indiya da Gana suka koyar a sakandare a shekarun 1970 ba su taɓa auna malami da fatarsa ba.

Amma akwai ƙofa ta gwamnatin Najeriya: shirin TAC, wanda tun 1987 yake tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan. Muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya su tabbatar sanarwar ɗaukar aikin tana isowa Bakori, Ƙafur da Ɗanja kafin a rufe.