Kwana 10 kacal: kada jiran sulhu ya cinye wa ɗan kasuwa haƙƙinsa

Tun ranar 16 ga Fabrairun 2024, kamfani ko ɗan kasuwar da aka kawo wa takardar kotu mai umarnin ya biya bashi yana da kwana 10 ne kawai ya ce bai yarda ba. A da kwana 15 ne. Canjin yana cikin sabuwar dokar OHADA kan karɓar bashi, wadda aka amince da ita a Kinshasa ranar 17 ga Oktoban 2023, ta maye gurbin ta 1998. Tana aiki kai tsaye a Nijar kamar a sauran ƙasashe 16 na ƙungiyar. Amma a ganinmu labarin bai isa kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa yadda ya kamata ba.

Wannan hanya, da ake kira injonction de payer da Faransanci, ba shari'a ba ce irin wadda aka saba. Mai bin bashi shi kaɗai yake kai takardunsa gaban shugaban kotu. Ba a kiran wanda ake bi, ba a jin ta bakinsa. Idan alƙali ya ga bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biya ya yi, sai ya sa hannu. Wanda ake bi sai dai ya ga huissier, ma'aikacin da ke isar da takardun kotu, a ƙofar shagonsa. Daga nan ake fara ƙirga kwanaki.

Ba mu ga laifin hanyar ba. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya ba da siminti ko shinkafa bashi bai kamata ya shekara yana zarya a kotu ba. Matsalar tana wajen bashin da ake jayayya a kansa: kaya sun zo ba cikakku ba, an biya rabi ba a rubuta ba, ko an ƙara riba da ba a yi maganarta ba. Alƙalin da ya ga takardun ɓangare ɗaya ba shi da yadda zai san wannan.

A nan ne al'adarmu take jefa mutane cikin rami. Da takarda ta zo, sai a tura dattijo ko shugaban ƴan kasuwa ya je ya ba da baki. A ce a haɗu bayan Juma'a, a ɗage zuwa wata Juma'ar. Sulhu alheri ne, amma ba ya tsayar da wa'adin kotu. Idan kwana 10 suka wuce shiru, mai bin bashi yana iya neman a buga wa umarnin hatimin zartarwa, ya zama kamar hukuncin da aka yanke bayan an ji kowa, kuma babu ɗaukaka ƙara. Abin da ke biyo baya shi ne riƙe asusun banki ko kama kaya.

Abin da mutane ba su lura da shi ba: ƙin yarda a kotu bai rufe ƙofar sulhu ba, domin dokar da kanta ta wajabta a fara gwada sasantawa kafin a shiga shari'a. Kuma nauyin kawo hujjar bashin yana kan wanda ya nemi umarnin. Sai dai ƙin yardar ba da baki ake yinsa ba, ba kuma da saƙon WhatsApp ba. Ta hannun huissier ake yi, a sanar da ɗayan ɓangaren da ofishin rajistar kotun, a kuma sa ranar zama da ba ta wuce kwana 30 ba. Wanda ya tsallake wannan ya yi asarar damarsa, ko da gaskiya na hannunsa.

Ƴan uwanmu da ke Aljeriya, Libiya, Abidjan ko Turai, waɗanda suka bar wa ƙane riƙon shago, su ne suka fi kusa da wannan haɗari. Dokar ta yi sassauci ga wanda ba a miƙa wa takardar hannu da hannu ba, amma kada a dogara da shi, musamman idan kamfani ne mai wakili a gida. Ƙanen da ya ajiye takarda a aljihun tebur don kada ya tayar wa yaya hankali bai taimake shi ba.

Takardar da Faransanci take zuwa, kwana 10 kuwa sun yi kaɗan ga wanda sai ya nemi mai karanta masa. Muna kira ga ma'aikatar shari'a da majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa su fitar da bayanin wannan wa'adi da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, su kuma sa huissier ya riƙa faɗa wa mutum ranar ƙarshe da harshen da yake ji kafin ya bar ƙofar shagon.