Kafin kuɗin riɗinka ya tafi a kan 'yar rediyo mai memori

Da an yanke riɗi a watan Oktoba, kuɗi ya ɗan shiga hannu, abin da nake gani a Simsim kowace shekara ɗaya ne: duk wanda ya hau mota zuwa Gadarif sai ya dawo da 'yar rediyon nan mai cin memori, wadda yara ke ce wa MP3. Ban ga laifin kowa ba. Waya tana son caji kullum, intanet kuma mun ga yadda ta ɗauke a Sudan a watan Fabrairun 2024. Abin da ke cikin memori kuwa yana aljihunka, da layi ko babu. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saye. Mai shago ya murɗa ƙara har ƙarshe, fitilu su yi ta walƙiya, shi ke nan an biya.

Fara da batir. Juya bayanta ka duba: idan a rufe yake ba ya cirewa, ranar da ya mutu ita ma ta mutu. Masu cirewa iri biyu aka fi gani. Akwai BL-5C na tsohuwar Nokia, mai wajen 1000 mAh, wanda ba ya wuyar samu. Akwai kuma dogon nan mai lamba 18650, wanda na kirkinsa ya ninka wancan sau biyu zuwa uku. Mai kwana a kambo lokacin girbin dawa, inda sai an yi tafiya kafin a ga sola, na biyun ya fi masa.

Memori kuwa ni ma an ci ni. Bara na sayi wanda aka rubuta wa giga 32, na cika shi da darussa saboda 'yan ajina, da na zo kunnawa sai na tarar fiye da rabi ba ya buɗewa. Jabu ne, lambar jikinsa ƙarya ce. Ai ba ma sai babba ba. A ingancin da aka saba, minti ɗaya na MP3 wajen mega ɗaya yake ci, wato giga 8 na gaske zai ɗauki sama da awa 130. Yawancin ƙananan nan ma ba sa karanta abin da ya haura giga 32.

To, ga inda na fi so iyaye su tsaya. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna zuwa da Alƙur'ani a ciki, kuma galibi ruwayar Hafsu ce. Mu kuwa iyayenmu da Warshu suka taso daga yamma, a khalwoyi da dama na ƙasar nan kuma Duri ake karantawa. Duk ruwayoyi ne ingantattu, babu gardama. Amma yaron da malaminsa ya biya masa allo da Warshu da safe, da dare rediyo ta yi ta maimaita masa Hafsu, washegari zai zo ya haɗa biyu a aya ɗaya, a kuma ɗauka wasa ya yi. Na ga haka da idona. Tambayi malamin yaron tukuna, sannan ka nemi wadda za ka iya cire memorinta ka zuba ruwayar da ake masa. Ta kasance da maɓallan lamba don a tafi kai tsaye ga sura, da maɓallin maimaita wuri ɗaya.

Akwai kuma abu biyu da mai shago ba zai faɗa maka ba. Wata in ka kashe ta a tsakiyar tafsirin awa biyu, da ka kunna sai ta koma farko. Wallahi wannan kaɗai ya isa a bar ta. Sannan saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, opus ake ce masa, kuma masu arha da yawa ba sa gane shi. Wa'azi ko waƙar Shata da ɗan'uwa ya turo daga Kano, ka duba irin fayil ɗin kafin ka ce na'ura ta lalace. A gidajen da Larabci ya fara rinjayar bakin yara, Hausar da ke fitowa daga wannan 'yar rediyo ba ƙaramin aiki take yi ba, shi ya sa ma ni na fi son mai gajeren zango, SW, saboda labaran Hausa daga waje.

Samari masu toshe kunne da iyafis, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aunin ƙara 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babba, na yara 75. In wanda ke zaune kusa da kai yana jin abin da kake ji, ka wuce gona da iri.

Ranar da za ka Gadarif, tafi da memorinka a aljihu. Sa shi a gaban mai shago, kunna, kashe, sake kunnawa, ka ga ko ta ci gaba daga inda ta tsaya. In ya ce kwali a rufe yake ba a buɗewa, akwai shago na gaba.