Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar ECOWAS Kan Baƙi Da Hanyoyin Mota

Mai girma Shugaban Hukumar ECOWAS,
Abuja.

Ranka ya daɗe, wannan wasiƙa a kan mutanen da aikin hukumarka ya fi shafa ce, waɗanda kuma ba kasafai muryarsu ke isa ofishinka ba. Ina nufin 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a ƙasashen maƙwabta suna neman halaliyarsu: Bakano mai sayar da yadi a zangon Kumasi, Bazabarme mai tallar kaya a Akara, Bayarabiya mai rumfa a Abijan, ɗalibin Najeriya da ke karatu a Kwatano. Kaɗan ne daga cikinsu ke da kuɗin jirgin sama. Idan Sallah ta matso, ko aka yi rasuwa a gida, ko haja ta ƙare, tasha suke nufa su shiga mota. Kukansu kuwa iri ɗaya ne a ko'ina: shinge ya yi yawa, an karɓi kuɗi babu rasit, an ce takarda ba ta cika ba alhali ta cika, an kwana a kan iyaka. Hukumomi sun saba ɗaukar wannan a matsayin mitar yau da kullum, haɗarin mota kuma su ware shi gefe su ce sha'anin direbobi ne da ƙaddara. Abin da nake son in nuna maka shi ne jijiyarsu ɗaya, kuma muddin ba a saurari kukan ba, jinin da ke zuba a kan kwalta ba zai ragu ba.

Alƙawarin da aka yi wa waɗannan mutane ba ƙarami ba ne. An kafa ƙungiyar a Legas a 1975, sannan a 1979 shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba kowane ɗan ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har na kwana 90. A 1982 aka ƙirƙiro katin inshorar nan mai launin ruwan ƙasa da direbobi suka sani da Brown Card, a 2014 kuma aka amince da katin shaida na bai ɗaya. A rubuce babu abin da ya rage. Amma wanda ya bi hanyar Legas zuwa Abijan, mai tsawon kusan kilomita 1,028, ya ratsa Seme da Hilakonji da Aflawo da Elubo, ya san cewa buga hatimi a fasfo, wanda doka ba ta ɗora wa kuɗi ba, ya zama abin ciniki. Katin rigakafin shawara ma haka: mai shi na iya biya, marar shi kuma ya biya ya wuce ba tare da an yi masa allura ba. Baƙo ne ya fi shan wannan wahalar, saboda lafazinsa na tona shi, bai san wa zai kai wa ƙara ba, kuma motar ba za ta jira shi ba.

Ga yadda wannan ke komawa mutuwa. Mai mota ya san cewa kowace tafiya tana da kuɗin hanya da babu rasit a kansu, don haka tun daga tasha ake lissafa su. Inda zai fanshe kuwa sananne ne: a ƙara benci a tsakiyar mota, a ɗora lodi a sama har motar ta karkata, a ɗage sayen sabuwar taya zuwa wata mai zuwa, ko a sayo ta gwanjo wadda ta gama aikinta a Turai. Direba kuma, wanda sau da yawa samunsa ya danganta da yawan sawun da ya yi, ya tashi da niyyar isa kafin magariba, sai shingaye da kan iyaka su cinye masa wuni. Sa'o'in da ya rasa a tsaye, a guje zai nemo su, cikin dare, da ido mai nauyi, yana taunar goro ko shan abin da zai hana shi gyangyaɗi. Mafi muni shi ne abin da shingen kansa ya zama. Jami'in da ya tsayar da motar fuskokin fasinjoji yake dubawa, yana neman wanda takardarsa za ta kawo kuɗi, domin a nan samu yake. Tayar da ta suɗe, da birkin da ba ya ci, da fitilar da ta mutu, da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, duk za su wuce idan yaron mota ya sauka ya miƙa abin da aka saba. Wato wurin da aka kafa domin tsayar da mota mai haɗari ya koma wurin sayar mata da izinin wucewa, kuma kuɗin fasinjan da za ta hallaka ne ke biya.

Alƙaluma ba su bar mana wurin ɓuya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka ne ya fi kowane muni, da mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali Turai na da 7, duk da cewa motocin Afirka ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba. A watan Maris na 2019, manyan motocin fasinja biyu sun yi taho-mu-gama da tsakar dare kusa da Kintampo a Gana, fiye da mutum 50 suka rasu, da dama suka ƙone har ba a iya gane su. Wannan hanya ita ce wadda 'yan kasuwar arewa da mutanen Burkina Faso da Nijar ke bi zuwa Kumasi. A watan Janairu na 2023 irin haka ta faru kusa da Kafrin a Senegal bayan fashewar taya, aka rasa kusan mutum 40, har gwamnati ta hana motocin fasinja tafiya daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, ta kuma hana shigo da tayoyin gwanjo. Ba shinge ne ya haɗa waɗannan motoci da hannunsa ba. Amma tafiyar dare da gajiya da mummunar taya su ne ainihin abubuwan da binciken gaskiya zai tare, su ne kuma binciken neman kuɗi ke ƙarawa.

Bayan haɗari, bambancin ɗan gida da baƙo ya fi fitowa fili. Ɗan gida kafin gari ya waye 'yan uwansa sun cika asibiti. Baƙo kuwa, idan babu takardar da ta ƙunshi sunayen fasinjoji da lambar wayar danginsu, yana iya kwanciya ba a san ko shi wane ne ba, ko a binne shi iyalinsa na can suna zaton ya yi nisa ne da neman kuɗi. Matar da ba ta ga gawa ba, ba ta kuma samu shaida ba, ba ta san ko ta fara takaba ba. Gado ma ba ya rabuwa. Katin inshorar 1982 an yi shi ne domin wanda motar wata ƙasa ta ji wa rauni ya samu diyya, amma mutum nawa ne a tasha suka san ofishin da ake zuwa, balle su iya jiran watannin da biyan ke ɗauka? Shirun baƙo ma yana da tarihi. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi nata a 1983, kuma a 2019 da 2020 an rufe shagunan 'yan Najeriya a Akara da Kumasi a ƙarƙashin dokar 2013 da ta nemi jarin dala miliyan 1 daga baƙon da zai yi ciniki. Wanda ya taso da waɗannan labarai ya koyi cewa ɗaga murya na iya jawo masa tambayar izinin zama, sai ya haɗiye.

Na san amsar farko da za a ba ni ita ce tsaro. Gaskiya ne, yankinmu na fama da 'yan bindiga da masu safarar makamai da mutane, kuma babu mai hankalin da zai ce a buɗe hanya ba bincike. Sai dai wannan hujja ni take goya wa baya. Shingen da ake wucewa da kuɗi kaɗan ba ya tsare kowa, domin mai ɗauke da makami ya fi mai sayar da albasa kuɗi a aljihu. Bincike mai tsanani a wurare ƙalilan da aka sani, da na'ura, da kyamara, da jami'an da ake biyan albashinsu a kan lokaci, ya fi igiya da ganga a kowace kwanar hanya. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen da ke kashe sefa ta fahimci haka tun 2005, lokacin da ta ba da umarnin taƙaita bincike a manyan hanyoyi zuwa wurin tashi da kan iyaka da wurin sauka. Aiwatarwa ce ta gagara.

Amsa ta biyu ita ce hukumarka ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, kowace ƙasa ita ke da iko da hanyoyinta. Haka ne, amma rashin sanda ba rashin ƙarfi ba ne. Ƙasashen nan sun taɓa daidaita abin da ya fi wannan wuya: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana ta bi a 1974, domin su yi daidai da maƙwabtansu. Kotun ECOWAS ma daga kukan matafiyi ta samu haƙora. A 2004 ta kori ƙarar wani ɗan kasuwar Najeriya da ya kai kuka kan rufe iyakar ƙasarsa da Jamhuriyar Benin, saboda a lokacin mutum shi kaɗai ba shi da hurumin shigar da ƙara. A 2005 aka gyara dokar, aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofa. Hukumarka na iya ƙirga shingaye, ta auna sa'o'in da ake ɓatawa, ta buga sakamakon da sunan kowace ƙasa da kowace hanya. An taɓa yin irin wannan ƙidaya a hanyoyin dakon kaya tare da UEMOA. Gwamnatoci ba sa son ganin sunansu a ƙasan jeri a gaban takwarorinsu, wannan kunyar kuwa makami ce da ke hannunka.

Akwai kuma masu cewa matafiyan ne da laifi: suna tafiya ba takarda, suna zaɓen mota mai araha, su ne ke fara miƙa na goro. Akwai gaskiya a ciki, kuma sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin baƙi suna da aikin wayar da kan mutanensu. Amma idan mai cikakkiyar takarda da marar ita duk sai sun biya, me zai sa talaka ya sha wahalar neman fasfo? Ranar da takarda ta fara aiki, mutane za su neme ta da kansu. Masu jiran babbar hanyar Abijan zuwa Legas da ake shirin ginawa su ma su duba Seme: a watan Oktoba na 2018 aka buɗe ofishin kan iyaka na haɗin gwiwa a can, kafin shekara ta zagayo, a watan Agusta na 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamba na 2020. Gini ba ya sauya hali, kuma shimfiɗaɗɗiyar kwalta a ƙarƙashin tayar gwanjo gudu kawai za ta ƙara.

Shawarata ita ce a fara da abin da ba ya buƙatar bashin banki. Kada wata motar fasinja ta tsallaka iyaka sai da jerin sunayen waɗanda ke ciki da lambar wanda za a kira, a ajiye kwafinsa a tashar da ta taso. Doguwar tafiya ta zama da direba biyu, da iyakar sa'o'in tuƙi iri ɗaya a dukan ƙasashe, domin dokar Senegal ba ta da amfani ga motar da ta shigo da direban da ya gaji tun daga wata ƙasa. A kowace kan iyaka a kafa allo da Hausa da Yarabanci da Fulatanci da sauran harsunan hanya, ban da Turanci da Faransanci, mai faɗin abin da ake biya da abin da ba a biya. A samar da lambar waya guda ta kai ƙara wadda ba za a tambayi mai kira izinin zamansa ba, a riƙa buga yawan ƙarar da ta shigo da abin da aka yi a kai. Ofisoshin katin inshora kuma a ɗaure su da wa'adin biya, a kuma sa wakilinsu a manyan tashoshi inda masu haƙƙi suke.

Batun Mali da Burkina Faso da Nijar ba zai zama uzuri ba. Sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu na 2025, kuma ka kyauta da hukumarka ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu. Amma tun bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ya tura matafiya cikin kwalekwale a kan kogin Kwara, ya tura manyan motoci dogon zagaye ta yankunan da ba su da tsaro. Hanyar Kano zuwa Gwanja ta fataken goro ta girmi dukan waɗannan iyakoki, jikokinsu kuma ba za su daina binta ba don shugabanni sun saɓa. A duk tattaunawar da za a yi da ƙasashen uku, lafiyar matafiyi da inshorarsa su zama abin da za a fara cimmawa, tun da babu ɓangaren da zai yi asara a kai.

Ranka ya daɗe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da za a rage mace-macen hanya da rabi, kuma lokacin ya ƙarato. Ina roƙonka ka gabatar da wannan batu a taron shugabannin ƙasashe na gaba, ka tura ma'aikatanka su bi hanyar Legas zuwa Abijan da ta Kumasi zuwa Paga a motar haya ba tare da rakiya ba, sannan ka buga abin da suka gani domin kowa ya karanta.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.