Wasiƙa Daga Amurka: Tsakanin Ɗalibi Da Jami'a, Wa Ya Fara Cin Amanar Wani?

   A yi mini afuwa game da shirun da kuka ji kwana biyu, hidimomi ne suka sha kaina.

Yau dai da fushina na zo. Ranar Lahadi muka yi wata 'yar muhawara da maƙwabcina, wani dattijon Bature ɗan fansho, mutumin kirki ne matuƙa, idan dusar ƙanƙara ta toshe mana ƙofa shi ke fara fitowa da shebur. Tsohon ɗalibin jami'ar da babban yarona ke karatu ne (ba zan kama sunanta ba), kuma sama da shekara 30 ke nan bai fasa zuwa kallon ƙwallonta ba. To, ya ji labarin cewa yaron ya bar filin wasa ana hutun rabin lokaci, ya wuce wurin aikin da yake ɗan taɓawa a ƙarshen mako. Sai ya ce da ni, "Maƙwabci, yaran yanzu ba su san amana ba. Mu a zamaninmu ko ana ruwan ƙanƙara ba ma tashi sai an busa tashi." Na haɗiye maganar saboda furfurarsa, amma ta tsaya mini a maƙoshi. Shi ya sa na kawo ƙara wurinku.

Sai na ɗan yi muku shimfiɗa, don na san Yaya zai ce me ya haɗa jami'a da ƙwallo har ake batun amana. A ƙasar nan wasan jami'o'i ba wasan yara ba ne, musamman irin ƙwallon nan tasu da ake runguma a hannu ana bangaje juna. Filin wasan Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor mutum 107,601 yake ɗauka. Filinmu na ƙasa da ke Abuja dubu 60 da ɗoriya ne. A 2013 mutum 115,109 suka cushe a ciki don kallon wasansu da Notre Dame. A Nebraska kuwa, a 2023, mutum 92,003 suka fito kallon ƙwallon raga ta 'yan mata. Ni kaina na shiga irin wannan taro, kuma ba zan ɓoye muku ba, idan makaɗan badujala suka fara, jama'a suka ɗauki waƙar makaranta da murya ɗaya, sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Saboda haka ban raina son da dattijon nan ke yi wa ƙungiyarsa ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki kujerar da ba kowa a kai a ce ita ce shaidar yara sun lalace.

Mu fara da shi kansa ƙidayar. Adadin 'yan kallo da jami'o'i ke sanarwa yawanci na tikitin da aka sayar ne ko aka rabar, ba na mutanen da suka tako da ƙafarsu ba. A 2018 jaridar Wall Street Journal ta bi diddigin tikitin da aka duba a bakin ƙofa, ta tarar kusan kashi 71 cikin ɗari ne na abin da ake faɗa wa duniya. Nebraska na alfahari da cewa tun 1962 ba a yi wasan gida ba tare da tikiti ya ƙare ba. Madalla. Amma a 2021 da abin ya kusa kwaɓewa, wasu masu hannu da shuni ne suka saye ragowar aka raba wa yara kyauta. Raba wa yara tikiti alheri ne, ban musa ba, amma kada a zo ana ce mini ma'aunin ƙauna ke nan.

Abin da ya faru a Michigan ya fi kowanne koyar da darasi. A 2013 hukumar wasanninsu ta ƙara wa ɗalibai kuɗin tikiti, ta kuma soke tsarin zaman da suka saba, aka koma wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Nufinsu wai a tilasta wa yara sammako. Me ya biyo baya? Dubban ɗalibai suka ƙi sayen tikitin 2014. A watan Satumba na shekarar har aka ga tallan ka sayi kwalbar lemo biyu a haɗa maka da tikiti biyu. Jami'ar ta ce kuskure ne ta janye, amma an riga an sha dariya. Kafin ƙarshen Oktoba shugaban sashen wasannin, Dave Brandon, ya ajiye aiki, aka kuma rage wa ɗalibai farashi. Yaran ba su daina son ƙungiyarsu ba, wulaƙanci suka ƙi. A Alabama kuma, bayan koci Nick Saban ya sha ƙorafi kan ɗalibai masu tashi da wuri, a 2019 sai aka fito da wata manhaja a waya mai lura da inda kake, tana ba ka maki idan ka zauna har zangon ƙarshe. Jama'a, soyayyar da sai an sa mata mai gadi, wace irin soyayya ce?

Yanzu ga tambayar da na so in yi wa dattijon na fasa. Su masu wa'azin amanar, wace amana suka riƙe?

A ƙarshen Nuwamban 2021, cikin 'yan kwanaki, Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya koma USC, Brian Kelly ya bar Notre Dame ya koma LSU, alhali 'yan wasan da suka ɗauko da alkawari iri-iri suna nan da sauran wasa a gabansu. A 2023 Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75. Kuɗin a tafi gida a huta fa ke nan! A 2022 rukunin Big Ten ya sa hannu kan cinikin nuna wasanni a talabijin na kusan dala biliyan 7, a 2024 kuma jami'o'i huɗu daga gaɓar yamma suka shigo cikinsa, tsohon rukuninsu na Pac-12 ya tarwatse. Yanzu ƙungiya za ta taso daga Los Angeles ta je New Jersey, tafiyar kusan kilomita dubu 4, don wasa ɗaya. Wane ɗalibi ne zai bi ta? Karawar Oklahoma da Oklahoma State, wadda aka faro tun 1904, kaka da jika suka gaje ta, an yi ta ƙarshe a 2023 saboda Oklahoma ta bi kuɗi zuwa wani rukunin. Ban ji an ce da shugabannin nan maciya amana ba. An ce da su masu hangen nesa.

Su 'yan wasan ma yanzu yawo suke daga wannan jami'a zuwa waccan, tunda daga 2021 aka ba su damar cin kuɗin sunansu da hotonsu, daga 2025 kuma jami'o'i suka fara biyansu kai tsaye. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, su ne masu karyewa a fili, sun daɗe suna yi wa wasu wahalar banza. Amma wa aka ɗora wa nauyin? Jami'ar Tennessee ta fito fili ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin 2025, ta ce kuɗin biyan 'yan wasa ne. Ko banza ita ta faɗi gaskiya.

Sai ku duba ranar wasan ta idon yaro irin nawa. Wasan minti 60 ne a agogo, amma sai ya ci sama da awa uku, saboda a kai a kai ake tsayar da shi a jira masu talabijin su gama tallansu, kai kuma kana tsaye a kan bencin ƙarfe iska na yanka maka kunne. Lokacin farawar ma ba a hannun jami'a yake ba. Masu talabijin ke yankewa, wani lokaci saura kwana 12, wani lokaci saura 6 kacal. Wanda ke da aikin Asabar ta yaya zai tsara rayuwarsa a kan haka? Ban ma kawo maganar Azahar da La'asar da ke wucewa mutum na cikin cunkoso ba, wannan tamu ce, ba ta dame su ba. A jami'o'i da yawa kuma akwai kuɗin wasanni da ake cusawa cikin kuɗin makaranta, ko ɗalibi ya je kallo ko bai je ba ya biya. Yarona ya biya nasa, ya sayi tikiti, ya tsaya awa ɗaya da rabi yana ihu har muryarsa ta dishe, sannan ya tafi neman abin biyan haya. Dattijon da ke zarginsa fansho yake ci, gidan kansa ne, ga kujera mai majingini. Ai dole ya zauna har a busa tashi.

Ƙanena na Kano, na san za ka rubuto ka ce haka ku ma kuke fama da masu guje wa Pillars suna cika gidajen kallo saboda ƙwallon Ingila. Wannan shari'a daban ce, mu bar ta sai wani jiƙon.

Jiya da yamma dattijon ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Matarsa ba ta jin daɗi, ya ce ko zan karɓi tikitinta in raka shi ranar Asabar. Na karɓa, na yi godiya. An sa wasan ƙarfe 7:30 na dare, kuma shi ma sai shekaranjiya ya san lokacin, har yana mita cewa tuƙin dare ya fara gagarar idonsa. Ban ce masa uffan ba. Ni zan ja motar.

A gaida su Hajiya da yara duka. Wassalam.