Mu Ƙirga Cefane da Mudu Kafin Mu Ƙirga da Naira

Duk mai zuwa ziyarar gida-gida a ikkilisiyoyinmu ya san bambancin makon farko na wata da makon ƙarshe. A makon farko akwai shinkafa da miyar nama, yara na sayen biskit a kanti, baƙo ma sai a sayo masa lemo. Daga ranar ashirin kuwa sai a koma kunu da garin rogo, uwargida ta fara aika yaro wajen mai tireda da ɗan littafin bashi, maigida kuma ya riƙa daɗewa a waje har sai an yi barci. Da yawa daga cikin rigingimun aure da ake kawo wa dattawan ikkilisiya, in aka bi su a hankali, a bakin murhu suka fara.

Babu shakka zamani ya yi tsanani. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, shi kuma ya ja farashin duk abin da ake ɗaukowa daga ƙauye zuwa birni. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A watan Yuli na shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. To, a raba 70,000 gida talatin, a sake raba wa mutum shida: kowa bai kai naira 400 a rana ba, alhali ba a cire kuɗin haya, kuɗin makaranta da na magani ba. Hatsi ya ɗan sauko a 2025, mun gode wa Allah, amma bai koma inda ya fito ba. Ga kuma gidajen da suka karɓi 'yan'uwa da tashin hankali ya kora daga gonakinsu a Mangu, Bokkos da Kudancin Kaduna, tukunyar mutum biyar ta koma ta mutum goma.

Duk da haka, muna ganin akwai rabon aikin da yake namu, wanda gwamnati ba za ta shigo gida ta yi mana ba.

Mafi yawan magidanta, in ka tambaye su nawa suke ba da kuɗin cefane, nan take za su faɗa maka. Amma tambaye su mudu nawa na masara gidansu ke ci a mako, sai su yi shiru. Nan matsalar take. Maigida yana ba da abin da ya saba bayarwa tun bara, yana tsammanin tuwo ya fito kamar na bara. Uwargida kuma ita ce ke tsaye gaban mai awo, ta san kuɗin ba ya sayen abin da yake saye a da. Shi yana zargin ta da ɓarna ko ɓoye canji, ita tana zargin sa da rowa, alhali kowannensu na iya zama mai gaskiya. Naira na hawa tana sauka, amma abin da yara ke ci a rana bai canja ba.

Saboda haka shawararmu ita ce miji da mata su zauna tare, da takarda da biro, su fara rubuta abin da gidan ke ci da ma'aunin kasuwa: masara ko dawa mudu kaza a mako, wake kaza, shinkafa kaza, manja da man gyaɗa kwalba kaza, gishiri, daddawa, sabulu, gawayi ko gas, har da kuɗin niƙa wanda kullum ake mantawa da shi. Sai bayan an gama wannan za a sa wa kowanne farashin kasuwa na wannan watan. Alal misali, gidan da ke cin tiya ɗaya ta masara cikin kwana biyu zai buƙaci tiya 15 a wata, kuma buhu mai ɗaukar kamar tiya 40 zai kai shi kwana 80. Wanda ya san wannan ya san ranar da buhunsa zai ƙare tun kafin ya kwance bakinsa. In kuwa jimlar ta fi ƙarfin aljihu, tare za a yanke abin da za a rage, kowa ya ji, kada uwargida ita kaɗai ta riƙa shan kunyar ƙaramar malmala.

Wannan zama ba zai yiwu ba sai maigida ya faɗi gaskiyar abin da yake samu. Mun sani akwai masu ganin gaya wa mace albashi zubar da girma ne. Amma mu da muka tsaya gaban bagade muka yi alkawarin zama jiki ɗaya, da wane dalili za mu ɓoye wa juna takardar albashi? Haka nan uwargida mai sana'a, ko ɗinki ne, ko awara, ko aikin gwamnati, ita ma ta kawo nata lissafin fili. Kuma muna roƙon maza su riƙa taka ƙafa zuwa kasuwa ko sau ɗaya a wata, su ji farashi da kunnensu.

Kuɗin wata kuma a raba shi biyu. Kayan da ba sa lalacewa, wato hatsi, mai, gishiri da sabulu, a saye su gaba ɗaya cikin kwanakin da albashi ya shigo, kafin kuɗin ya bi wata hanya. Na kayan miya a kasa shi kashi biyar, huɗu na makonni, na biyar na baƙo da ranakun da suka ɗoru a kan wata. Kason mako na uku ba a taɓa shi a mako na farko, ko da kifi ya yi araha. Sayen gwangwani-gwangwani da ƙulli-ƙulli kullum yana kama da sauƙi, amma in aka tara shi a ƙarshen wata, shi ne saye mafi tsada, kuma talaka ne ke yin sa. Wanda kuma yake ci bashi a kanti ba ya iya tayawa, ba ya iya zuwa wani wuri, abin da aka faɗa masa shi zai biya.

Iyayenmu masu rumbu sun san lissafin shekara, mu 'yan albashi ne muka tsaya a kan na wata. Hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, a kasuwanni irin su Saminaka, Mangu da Dawanau, ya fi tsada kuma daga Yuni zuwa Agusta kafin sabo ya fito. Tumatir da albasa na noman rani sukan cika kasuwa a farkon shekara, lokacin ne na yanka tumatir a shanya, a yi kauɗa. Manja yakan sauko wajen Maris da Afrilu, ya hau gab da Kirsimeti. A Farawa sura 41, shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna ita ce a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, kuma da wannan Masar ta tsira, har gidan Yakubu ya samu abinci. Abin takaici, watannin da hatsi ke araha su ne watannin da kuɗinmu ke tafiya wajen anko da takalman Kirsimeti. Wanda ba zai iya sayen buhu shi kaɗai ba, ga Zumuntar Mata, ga ƙungiyar maza: gida huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu su raba, ko a tsara adashi yadda kwasa za ta faɗo a kaka.

Sai dai a kula da ajiya. Wake yana saurin cin ƙwari, kuma wasu kan zuba masa fiya-fiya ko Sniper, wanda guba ne ga iyali. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Akwai buhunan PICS masu ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, waɗanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da wani magani ba, muddin hatsin ya bushe sarai kuma an ɗaure kowane ruɓi da kyau. Jarka mai murfi da aka wanke ta bushe, aka cika ta har baki, ita ma tana yin wannan aiki.

Rage kuɗi kuma bai zama dole ya rage lafiyar yara ba. Wake, gyaɗa, waken suya, zogale, kuka da rama suna gina jiki a farashin da bai kai na nama ba. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe. Ubangijinmu ma, bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa an tattara gutsattsarin da suka rage har kwando 12. Abin da ya kamata a fara yankewa shi ne lemon kwalba, taliyar leda ta kullum, da kuma, ga waɗanda abin ya shafa, kuɗin da ke ƙarewa a gidan burkutu da shagon caca na ƙwallo.

Akwai maganar da ta shafe mu shugabannin ikkilisiya, kuma ba za mu tsallake ta ba. A wata ɗaya iyali kan fuskanci gudummawar gini, ankon biki, kuɗin taron ƙungiya, da gidauniyar da ake kiran sunan mutum a gaban jama'a ya faɗi abin da zai bayar. Mutane da yawa, don gudun kunya, daga kuɗin cefane suke cirowa. Zakka da baiko hakkin mai bi ne, ba mu ce a daina ba. Amma a Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa waɗanda ke keɓe wa Allah abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi, Manzo Bulus kuma ya yi wa Timoti magana mai zafi game da mai bin da ba ya kula da mutanen gidansa. Muna kira ga majalisun dattawa su fitar da jerin gudummawar shekara tun watan Janairu domin iyalai su shirya, su daina kiran suna a wajen tara kuɗi, kuma kada a hana wata mace shiga sahun mawaƙa don ba ta ɗinka anko ba. Masu koyar da darasin shirin aure su ma su ware zama ɗaya cur domin lissafin cefane, a sa saurayi da budurwa su je kasuwa tare su dawo da farashin mudu a rubuce kafin a sa ranar ɗaurin aure.